Agogon Takarda

Likita ta miƙo farar takarda a asibitin Lamingo,
ta ce, "Baba, zana mini agogo,
ka tsayar da shi kan sha ɗaya da minti goma."
Saura kaɗan in yi dariya.
Shekara talatin da bakwai Malam Tanimu
yana buɗe cikin agogo a bakin Taminus,
gilashi a ido ɗaya, hantsaki a yatsu biyu.

Ya zana da'ira kamar ƙwan da aka taka.
Lambobin suka cure gefe guda
kamar awakin da suka hango hadari.
Bakwai ta zo sau biyu. Tara ba ta zo ba.
Ya ajiye biro, ya ce laifin biron ne.

Ta ba shi ajiyar kalmomi uku:
lemo, mabuɗi, jirgi.
Kafin a gama awon jini
biyu sun sulale,
ta ukun ma sai da ya leƙo fuskata.

Maƙwabtanmu a Gangare sun ce jifa ne.
Gwaggo Barira ta ce tsufa ne, layin kowa.
Likita ta ce ciwo ne mai suna,
ta nuna hoton inda ƙwaƙwalwa ta motse
kamar goron da ya kwana uku a aljihu.
"Ƙwaya ɗaya kafin barci.
Ba ta kiran wanda ya riga ya tafi,
tana dai riƙe rigar masu shirin fita.
Kada ku yi gardama da shi.
Ku bar fitila a kunne.
Ke ma ki riƙa barci."

Da magariba yake sa hula,
wai zai buɗe shago
a kasuwar da wuta ta cinye tun ina firamare.
Na daina cewa ta ƙone.
Nakan ce, "Yau Juma'a, Baba, sha shayi tukuna."
Lambar wayata na ɗinke a wuyan kowace riga.

Jiya ya kira ni da sunan ƙanwarsa
da aka binne kafin a haife ni.
Na amsa.
Ya kama hannuna, ya kai agogona kunnensa,
ya runtse ido ɗaya.
"Wannan yana jan ƙafa," in ji shi, "minti biyu."

Na duba waya.
Minti biyu ne.