Shafin Ƙarshe

A Kasuwar Barci na saye shi,
bangonsa ya sha ruwa.
A ciki an ba maigida guba a shayi,
wata tsohuwar Baturiya na saƙa
tana leƙen kowa ta saman tabarau.

Biyun dare a Unguwar Rimi,
an ɗauke wuta, na kunna tocila.
Ashe shafin ƙarshe babu,
ƙila mai tsire ya naɗe nama da shi.

Da safe na ba Gwaggo Tabawa labari
tana ɓarar gyaɗa.
Ko ɗagowa ba ta yi ba.
"Wa ya yi saurin wanke kofin?"
Na ce ƙanwar matarsa.
Ta hure ɓawo daga tafinta:
"To, me kuma kake nema?"