Kitsen Da Ba A Gani

Shekara talatin ina rataye nama a Tashar Dukku,
wuƙata ta san duk inda kitse ke kwana a jikin sa,
ban san yana da masauki ba a cikin jini.

Ni ne Gidado, siriri kamar sillen kara,
in hadari ya taso yara kan ce a riƙe ni.
Teɓa ta Alhaji Barkindo ce, mai kilo biyu duk la'asar,
shi nake yi wa tsiya, in ce babbar riga ta kusa ƙin sa,
ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya ce,
zuba mini tozo, ka bar ni.

Abin da mai saye ya ce a yanke masa a yar,
shi nake gasawa a gefen tukuba in jefa baki.
Da safe ƙwai huɗu wajen mai shayi,
da dare Dudu ta kwarara man shanu har miya ta yi ƙyalli,
in lashe yatsa in ce wa ya fi ni.

Ranar wata Laraba na saɓa cinyar sa,
taku goma, ƙirjina ya ɗaure,
kamar an ɗora mini dutsen niƙa,
gumi ya karyo, alhali ba rani.

Rifkatu, 'yar Kaltungo, ita ta ɗebi jinin
tun ban karya kumallo ba.
Ta dubi takarda, ta dube ni:
Baba, kitse ya yi maka yawa a jijiya.
Na naɗe hannun riga na miƙa mata ƙashi da fata,
na ce, 'yata, ina yake? Nuna mini.

Ta ce, ka san kwatar mayanka?
Ba ƙashi ke toshe ta ba.
Maiƙo ne, ya bi ruwa da ɗuminsa,
ya huce, ya kama bango,
yau kaɗan, gobe kaɗan, daga sama ba ka ganin komai,
sai ran da ruwa ya rasa hanya ya dawo tsakar fili.
Na yi shiru. Sau nawa na zura sanda a kwatar nan?
Wannan karatu na riga na sani.

Sai na tuna Baffa, da ya faɗi yana alwala,
ɓarin jiki ya mutu, baki ya karkace.
Muka ce jifa ne, muka sayar da akuya uku muna neman wanda ya yi.
Rifkatu ta ce abin kan bi gida.
Daren nan barci ya ƙi ni.

Yanzu daga Bolari a ƙafa nake zuwa kasuwa.
Wake, zogale, kifin Dadin Kowa ba suya,
da ƙwaya guda kafin in kwanta, magani.
Dudu ta ɓoye kwalbar man shanu bayan randa,
ta ɗauka ban gani.

Barkindo na zuwa har yau.
Ina fere masa farin, yana cewa na fara cuta a sikeli.
Na ce ya je a auna shi, ya ce sai bayan Sallah.
Ya tafi, ya bar ni da guntun kitse a tafin hannu,
yana sheƙi, yana ƙamshi,
ina kallonsa, yana kallona,
kyanwar kasuwa na gefe tana jira na.