An Ɗage

Shekara ashirin da biyu ina riƙon hatimin kotun nan,
teburi ɗaya, fanka ɗaya mai ciwon wuya.
Fayil ɗin Ladan da Lubabatu
ya zo mini siriri kamar ganyen lalle,
yau sai an ɗaure shi da igiya.

Ran da anka buɗe shi, Kulu tana goye,
tana tsotsar bakin mayafin uwarta.
Aure ya riga ya mutu, an yi masa sutura.
Saura tambaya guda: ina ɗiyar za ta kwana?
Tambayar da tsohuwa za ta amsa
kafin ruwan shayi ya tafasa.

Sai Ladan ya zo da lauya mai baƙar jaka.
Zama na farko, lauya na zazzaɓi.
Na biyu, shaida ya tafi Illela sayen raguna.
Na uku, wai an ci harafi ɗaya a sunan Lubabatu,
a sake sammaci.
Na huɗu, wai gidan ubanta a Mabera akwai rijiya ba murfi.
Anka aika masinja, ya tarar da famfo.
Na biyar ban tuna ba.
Allah shi gafarta mini, duka ni na buga hatimi.

Ita kuwa keke biyu take hawa kafin ta iso,
ta rufe keken ɗinkinta, ta bar atamfar mutane a yanke.
Zafin bazara ya gasa bencin baranda,
ta zauna a kai tun hantsi,
don a faɗa mata kalma biyu bayan azahar.

A barandar nan Kulu ta koyi tafiya,
daga ƙafar benci zuwa gindin darbejiya.
An ce da dare in an miƙa mata tuwo
sai ta bugi faranti da cokali, ta ce, "An ɗage."
Munka yi dariya a ofis.
Ni dariyar ta tsaya mini a maƙoshi kamar ƙayar kifi.

Zama na goma sha biyu, lauya ya miƙe da sabuwa:
wai alƙali ya sauka daga shari'ar,
don ya taɓa sayen goro wurin kawun Lubabatu.
Alƙali ya cire tabarau, ya goge, bai mayar ba.
Ya ce, "Kotu ba gurbin dara ba ce."
Ya dubi Ladan: "Ɗiyar da kake nema, shekararta nawa?"
Ladan ya dubi lauya.
Lauya ya dubi fayil.

Sai alƙali ya ce in rubuta.
Kuɗin keke, zuwa da komawa, sau goma sha ɗaya.
Ladan ɗinkin kowace rana da ta kwana a rufe.
Tara ga kotu, don lokacin talakawan da anka ƙone.
Sunan lauya a kai shi gaban masu ladabtar da irinsa.
Kulu ta zauna hannun uwarta,
uba ya ciyar, ya zo ya gan ta duk Juma'a.

Na haɗa lissafi sau biyu, ya fita daidai.
Amma na duba takardar sama da ƙasa,
ban ga layin da ake rubuta shekara uku na yarinya ba.

Lubabatu ba ta yi guɗa ba.
Ta matso teburina, ta tambaya a hankali
ranar da za ta sake dawowa.
Na ce babu.
Kulu ta ja hannun rigata: "Baba, an ɗage?"
Na ce, "A'a, an gama."

Ta tsaya tana kallona.
Ba ta san kalmar ba.