Mitar Ƙarƙashin Bene

Ƙarfe biyun dare a Bradford,
ruwa na ƙwanƙwasa taga,
darasin Java ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Na zana fasali, na raɗa masa Ɗan Haya.
Na ce "sabo", Tasi'u ya faɗo
da makullinsa.
Na sake, ga Lawisa da nata ɗakin.
Kowa na cusa masa ƙidaya a aljihu.
Ku nawa ne?
Kowa ya ce ɗaya.

Na sauka shan ruwa.
Mitar wuta na ƙyafta mini ido:
ba ta kowa ba, ta gida ce,
tun kafin mu tare tana nan.

Na haye da gudu,
na zare ƙidayar daga aljihunsu,
na kafa ta a bango.
Allo ya ce biyu.