Mai Gyaran Agogo

A layinmu na Kasuwar Barci
rumfata ce ta bakwai, tasa ta takwas.
Ni ɗinki, shi gyaran agogo.
Shekara goma sha ɗaya katako ɗaya ya raba mu,
in ya yi tari ina ji.

Tanimu!
In ya iso da hantsi sai layi ya farka.
Ya tsokani mai kunu, ya kwaikwayi tafiyar Alhaji Barau,
ya ce wa mai haraji, "Dawo jibi,
agogona ya ce yau ba ta yi ba tukuna."
Har mai harajin sai ya riƙe ciki.
Gardamar ƙwallo, shi ne alƙali.
Biki a Tudun Wada, shi ake miƙa wa lasifika.
Kowa ya yi shirme sai ya ce, "A kai shi Barnawa!"
mu tuntsire, har allura ta soke ni.

Muka ce, wannan bai san damuwa ba.

Ban lura ba, tuwon da yake saya
yaron shago ne ke sharewa.
Ni da hannuna na rage masa ƙugun wando, sau biyu.
Na ce, "Azumi kake a ɓoye?"
Ya ce, "Gasar tsere zan shiga."
Na yi dariya.
Na karɓi kuɗin aikina.

Saura kwana uku salla, ɗinki ya sha kaina,
na sammako daga masallaci, ana yayyafi.
Ƙofarsa a sakaye.
Yana zaune a ƙasa, tsakiyar agogo arba'in,
kowanne na faɗin lokacin da ya ga dama.
Fuskar da na sani ba ta nan,
kamar ya rataye ta a ƙusa tare da hularsa.

Ya ɗago. Ya fara harhaɗa murmushi,
ya ƙi haɗuwa.

"Ilu, wata tara ban yi barcin kirki ba.
Ni da nake Kasuwar Barci."
Ya so ya dara, ta maƙale a wuya.
"Ba bashi ba ne. Asabe lafiya, yara lafiya.
Abin kunyar ke nan, ban da abin nunawa.
Wani dutse ne ya zauna a ƙirjina
bai yi sallama ba.
Da safe nakan wana kaina kamar agogon bango,
in yi ta bugawa don ku ji.
Da dare sai in tsaya cak.
Jiya na tsaya a kan gada ina kallon kogi.
Na daɗe, Ilu.
Na daɗe."

Maganganu suka taru a bakina:
yi haƙuri, wasu sun fi ka shiga uku,
ƙara addu'a.
Mutumin da bai taɓa rasa sahun gaba ba!
Na haɗiye su duka.
Na naɗe ƙafar wando, na zauna a simintin nan mai sanyi,
kafaɗata na taɓa tasa.
Ɗinkin salla ya jira. Masu shi sun zage ni, sun gode.

Bayan salla muka ɗauki shatar keke, sai Barnawa.
A bakin ƙofa ya ce, "Ka gani, bakina ya kama ni."
Likita ta ce ciwo ne, yana da suna,
yana da magani, kamar hawan jini,
sai dai shi ba a ɗaura masa awo a dantse.

Yanzu wata rana ya yi raha, wata rana shiru.
'Yan layi na cewa Tanimu ya canza,
mai kunu har ta yi fushi.
Bari su faɗa.

Ni dai in na ce, "Ina kwana?"
ya ce, "Lafiya lau,"
sai in ajiye almakashi,
in zagaya katakon nan,
in sake tambaya.