Kwaltar da Ta Iso Garinmu

Tifar Labbo ta shigo gareji da la'asar sakaliya,
tana ɗingishi da ƙafar baya ta hagu.
Wata bakwai tana jidar kwalta a hanyar Koko,
yau ga ta a Jega, sifirin ya karye, ganye biyu.

Na shige ƙarƙashinta da sifana a hannu.
Babu noti.
Wato yana nan, amma kwalta ta naɗa masa gammo,
ta sandare, baƙa ƙirin,
kamar ƙanzon tukunyar da aka manta a murhu.
Na buga guduma, ta ce ƙwal, ba ta ƙara ba.
Na sa cizal, ya zame,
ya tafi da fatar babban yatsana.

Na ce bari in jawo wutar walda.
Arzika ko ɗagowa bai yi ba daga injin da yake haɗawa:
"Mi za ka dahwawa?
Akwai roba nan, akwai tiyon burki.
Wuta ba ta san wurin wanda ka aike ta ba.
Ɗebo gas, jiƙa tsumma,
ɗaure mata kamar mai targaɗe,
ka tai ka yi salla."

Na ɗaure.
Da magariba na ƙara jiƙawa,
bayan isha na leƙa da tocila, tana nan yadda take.
Na kwana ina jin haushin tsumma.

Da hantsi na danna ta da yatsa, ta lotsa.
Ta yi laushi kamar maɗi a rana.
Da guntun zarto na soma kankara,
tana saki da kaɗan da kaɗan,
tana mayar da abin da ta haɗiye:
tsakuwa, jar ƙasa, zaren buhu,
murfin kwalbar lemo da ya baje,
ƙwayar gero uku, fiffiken fara,
da wani farin gashi,
na akuyar da ba ta tsallake da wuri ba, ina jin.
Duk abin da taya ta taka ta wuce,
kwalta ta ajiye shi.

Sai burushin waya, sai kalanzir a bakin zare.
Na sa ƙafa na taka sifana.
Notin ya yi ƙara kamar ƙyauren tsohon shago,
ya juya.
Takwas ne. Bakwai sun fito lafiya,
na takwas ya karye a ciki,
Arzika ya dube ni, ya dubi Labbo,
Labbo ya ci gaba da shan rakensa
yana ƙirga watannin da kamfani bai biya shi ba.

Ran Alhamis na hau babur zuwa Tungar Gado.
Daga inda baƙar hanya ta ƙare, sai taɓo,
sau biyu muna sauka muna turawa.
Tun ina tallan gyaɗa masu awo suka zo,
suka kafa turaku masu jan fenti.
Har yau suna nan. Awaki ake ɗaurewa.

Inna ta ga hannuna ta miƙo toka da man gyaɗa.
Na murza, na murza,
tafin ya yi haske, tuwo dai ya yi warin gas.
Amma ƙarƙashin farce, layi goma baƙaƙe,
ko tsinke bai kai gare su ba.

Kakana Nomau ya kama yatsuna,
ya kai su dab da idonsa mai gani.
"Wagga ita ta kwaltar da anka yi muna alkawali?"
Na ce ita ce.
"To, ta dai iso."

Zaure ya ɗauki dariya,
har da mai tarin da ke bayan ƙofa.
Shi kuwa bai saki hannun ba.
Ya shinshina shi,
ya sa nasa farcen yana ƙoƙarin ɓanɓaro ƙwaya ɗaya,
wai zai nuna wa maƙwabta.