Igiyar da ta Kwance

Ƙarfe uku na dare a Agege,
janaretan maƙwabta ya yi shiru,
sai Tanimu ya kai wa bango naushi.
Idonsa a rufe.
"Ajiye buhun nan!"
da muryar da ban san shi da ita ba da rana.

Da safe ya dubi yatsunsa da suka kumbura,
ya dubi gefen idona,
ya ce, "Lantana, ɓarawo ne a Mil Sha Biyu,
ya sungumi albasata, na bi shi."
Shekara ashirin da biyu ko tsawa bai taɓa daka mini ba.
Ya zauna bakin gado ya haɗa kai da gwiwa.

Aka ce iska ce.
Mun sha rubutu, mun turara ɗaki
har labule ya ɗauki warin hayaƙi.
Maman Bisi ta ƙasan bene ta tare ni a famfo,
wai in dukana yake yi in faɗa mata.
Na rasa ta inda zan fara.

A Idi-Araba suka kwantar da shi dare guda,
wayoyi a ka, a haɓa, a ƙwauri.
Likitar ta ce, kowa in ya shiga mafarki
ƙwaƙwalwa kan ɗaure jikinsa a turke,
mafarki na gudu, gaɓoɓi na kwance.
Shi igiyarsa ce ta kwance.
Babu mugunta, babu aljani.
Sannan ta ƙara da wadda ba mu so ji ba:
a riƙa dawowa ana duba ko hannu ya fara rawa,
don wani sa'in wannan ɗan aike ne.

Muka sayar da gadon, katifa ta sauka ƙasa.
Madubi ya koma falo, wuƙa ta koma kicin,
fanka ta yi nesa da ƙafarsa,
matashi biyu a tsakaninmu kamar kunyar gona.
Ƙwaya ɗaya bayan isha'i.
Mai shayin layinmu har ya aiko a ji ko lafiya.
In abin ya taso ba na riƙe shi,
daga bakin ƙofa nake kiransa a hankali.

Jiya ma ya motsa.
Na ja jiki, ina jiran naushin.
Sai ga hannunsa a sama
yana miƙa wa wani canji, yana dariya.
"Allah ya kai mu gobe," in ji shi.

Na bar shi ya ƙarasa cinikinsa.